Za ni Burusel watan 10, mi zan shafa, mi zan sa? Ku taimaka min

Ƴar Bagalam ta rubuta:

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku, ya gida ya ɗawainiya. Don Allah tambaya gare ni, kuma waɗanda sunka taɓa zama ƙasar Turawa nike so su amsa min tsakani da Allah. Na samu gurbin karatun masta a Burusel ta Beljik, biza ta hito satin da ya wuce alhamdu lillahi, farkon watan 10 in Allah ya kai mu zan tashi daga Yamai. Murna dai an yi ta, amma ni tun ranar barci ya ƙaurace min saboda zancen sanyi, don ko nan Maradi in hunturu ya kama ba ni da kyan gani, leɓe ya tsattsage, ƙauri ya yi fari fat kamar na yi birgima cikin toka, diddige kuwa faso har sai na riƙa ɗingishi in za ni makaranta. Wanga fa sanyin wata biyu ne zuwa ukku, kuma da rana ta ɗago an manta da shi. To ina ga inda anka ce sai a yi sati ba a ga rana ba?

Inna ta riga ta aika an sayo man kaɗe kwano guda, kakata ta ce a'a man shanu ya fi, ita da shi ta tsufa fatarta ba ta taɓa tsagewa ba. Wata ƙawata kuma ta ce duk tarkace ne, wai can garin danshi ne kullum ruwa, fata ba ta bushewa, in na laɓta mai ƙuraje za su feso min. Wa zan bi?

Sai tufafi. Ni da hijabi da abaya na saba, ran Juma'a ko biki atamfa ko shadda, ba ni son in je can in koma ƴar wando da ɗamammiyar riga, kuma ba ni son in riƙa yawo kamar buhun gero da anka ɗaure wa baki. Abin da ya rage hannuna bayan kuɗin jirgi bai wuce jika 150 ba, in an juya shi yuro bai cika 230 ba. In sayi manto, wato babbar rigar sanyi ta sama, nan wajen ƴan gwanjo ko in bari sai na isa? Jaka biyu anka ba ni kilo 23 kowace, kuma Inna ta riga ta kama guda da garin kunu da kuka da yaji da kilishi, ta ce wannan ba shawara take nema ba.

Maman Ihsan ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya sa alheri za ki ɗebo. Ni ƴar Mokoyo ce, aure ya kawo ni Burusel, bana hunturuna na 9 ke nan, to gyara zama ki ji.

Da farko ki fidda hoton dusar ƙanƙarar da kike gani a talabijin daga ranki. Tana zuwa, amma ƴan kwanaki ne a shekara, sau da yawa ma kafin azahar ta narke ta koma caɓi. Abin da ke nan shi ne yayyafi. Wani tsatsafi ne marar zuciya, ba kamar ruwanmu na watan 8 ba da zai taso da hadari da tsawa ya zuba na awa guda ya ɗauke kowa ya kama harkarsa, shi wannan sai ya wuni yana tsiyaya kamar ana feso miki ruwa da baki, ga iska tana kaɗo shi ta gefe. Kusan kwana 200 a shekara ana samun ruwa garin nan. In kin duba waya kuma lissahin ba zai ba ki tsoro ba, watan 1 da rana digiri 5 ko 6, da dare wajen 1, sai ki ce ai da sauƙi tunda Maradi ma da asuba tana sauka 13, 14. Hmm. Namu busasshe ne, kin ja bargo kin matsa kusa da murhu zance ya ƙare. Na nan jiƙaƙƙe ne, zaren tufa yake bi ya shige ƙashi, in ƙafarki ta jiƙe ƙarfe 8 na safe to ke da jin ɗumi sai kin koma gida da dare.

Shi ya sa nike ce wa duk sabuwar zuwa kuɗinki ki fara kai su ƙasa, wato takalmi. Bot mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasan roba mai kauri don duwatsun da sunka shimfiɗa a titunan garin nan in sun jiƙe santsi gare su kamar miyar kuɓewa. Ki ƙara lamba guda kan wadda kike sawa saboda safa mai kauri, in ya matse jini ba ya gudana sanyin ma sai ya fi.

Ni shekarar da na zo wauta na tafka. Na sayo wani ƙaton manto na ulu a kasuwa, nauyi kamar tabarmar masallaci, ina ta alfahari da shi. Ranar farko da ruwa ya kama ni bakin tashar taram ya shanye ruwan nan tas kamar soso, na dawo gida ina wari kamar tunkiyar da ta kwana waje, kwana biyu yana rataye bai bushe ba, bayan wata guda na ishe hunhuna ta kama shi cikin kabad. Lema kuwa ukku iska ta karya min cikin wata ɗaya, daga nan na haƙura da ita. Abin da kike buƙata manto mai hula a jiki, wanda bayansa ke tare ruwa da iska, dogo har ƙasan gwiwa. Kin ga wannan ma ya raba ki da damuwar sutura, don ya fi wasu abayoyin rufe jiki.

A ciki kuma hawa hawa ake yi kamar albasa. Mai taɓa fata ƴar siririyar riga mai dogon hannu da kolan irin na sanyi, Decathlon na da su da araha, Uniqlo ma na da wasu da ake kira Heattech. Kar ki sa na auduga a nan, auduga in ta sha zufa riƙe ta take yi ta koma tsumma mai sanyi a bayanki. Bisa gare ta rigarki, sannan tiriko mai maɓalli ko zif da za ki iya tuɓewa, sannan manto. Dalili, cikin metiro da aji da shaguna shofaj, wato na'urar ɗumama ɗaki, na aiki, za ki shiga kina kyarma bayan minti goma kina zufa, in abu guda mai kauri kika jibga ba ki da yadda za ki yi sai ki dahu ciki, ki hito iska ta bugi zufar, gobe mura.

Abaya kuma ba wanda ya ce ki bar ta, amma tun nan gida ki kai wa tela ya rage tsawon ta tsaya daidai idon sawu, bot ya rufe sauran. Mai jan ƙasa irin ta gidan biki in kika sa ta nan bakin ne zai riƙa shan ruwan titi yana hawa sama har ƙauri. Hijabinmu dogo mai kai gwiwa shi ma ba ya shiri da manto, in kin sa shi ciki ya cukurkuɗe, in kin sa waje ya jiƙe iska ta riƙa hura shi kamar tanti. Ni ƙaramin gyale mai laushi nike yafawa in naɗa kashkol a kai, dogon na bar wa salla. Atamfa kuwa wallahi ki zo da ita, kuma ki ɗinka tun Maradi don ɗinki nan kuɗinsa sai ki yi kuka. Ki ce ma tela ya sa shafi, ya yi dogon hannu, ya saki jiki kaɗan yadda rigar ciki za ta shiga. Ni har tiriko mai dogon wuya nike sawa ƙarƙashin rigar atamfa kalar da ta dace da zanen, kuma yana kyau. Garin nan daga watan 11 kowa baƙi da toka toka kamar ana zaman makoki, sama ma toka, ranar da na ɗaura ɗankwali ruwan ɗorawa har tsofaffin Turawa ke min murmushi cikin taram.

Zancen saye, ki taho da tiriko biyu da ƴar jaket marar nauyi, farkon watan 10 sanyin bai yi tsanani ba. In kin iso akwai shagunan gwanjonsu, Les Petits Riens, kaya masu kyau da sauƙin kuɗi, akwai kasuwar Midi duk Lahadi da safe gefen babbar tashar jirgin ƙasa. Ragin farashi na hunturu da suke kira sold sai watan 1 ake buɗe shi, ƙarin kaya ki jira lokacin, amma takalmi da manto kar ki jira.

Kuma ki lallashi Inna ta fidda kilishin nan, nama da duk abin da anka yi da nono haramun ne shiga da su Turai cikin jaka, man shanun kaka ma yana ciki. In sun gani ƙwacewa suke yi su zubar, wani lokaci har da tara.

Na Babbar Kasuwa ya amsa:

Kai Hajiya Maman Ihsan, daga can Turai kin miƙo hannu kin rufe mana shago hhhh. To ni gwanjo nike sayarwa shekara da shekaru, bari in kare sana'ata. Malama ɗaliba, dilolin nan da muke kwancewa daga ina kike zaton suke zuwa? Yawanci daga wajen su ɗin ne dai. Mantonki ya riga ki ganin Turai, maida shi gida kawai za ki yi. Matsalar Hajiya ba ta samu mai zaɓa mata ba ne.

Kuma yanzu ne lokacin saye, watan 9 ba mai waiwayar kayan sanyi, suna jibge ƙasan tebur muna neman kai da su. Bari watan 12 ya kama ƴan kabu kabu da masu gadi su hito, abin da zan ba ki jika 3 yau sai ya koma 7 kuma ana rububi. In kin zo ki duba ƴar takardar da ke ɗinke ciki ta gaya miki ko ulu ne ko roba, ki ja zif sama da ƙasa sau biyar, ki duba hammata da bakin aljihu, sannan ki kafa baki jikin yadin ki hura da ƙarfi hannunki na ɗaya gefen, in kin ji iskar ta ratsa to ki aje, iskar can ma za ta ratsa. Ki ɗiga masa ruwa kaɗan, in ya dunƙule ya gangara madalla, in ya nutse ba naki ba ne. Tiriko da kashkol da bone da safar hannu duk ki kwasa nan, ba su da nauyi, da jika 10 kin gama.

Takalmi dai na yarda da Hajiya, kar ki saya wajenmu. Gaskiya ɗaya ce, ya sha zafin kwantena ya sha ranar Maradi, gam ɗin ya riga ya mutu, ido ba ya gani sai ya taka ruwa ƙasan ya buɗe baki.

Anti mai farmasi ta amsa:

Salamu alaikum. Ɗiyata ni ban zauna Turai ba, kwas na wata huɗu kawai na taɓa yi can kuma cikin sanyi ya faɗo, amma aikina ke nan a farmasi nan Maradi, fatar mutane nike kallo kullum. Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Waje akwai danshi, haka ne. Amma ke awa nawa za ki yi waje? Iska mai sanyi ruwan da take iya ɗauka kaɗan ne, in ta shigo ɗaki shofaj ya ɗumama ta sai ta koma busasshiya ƙamas tana zuƙe ruwan jikinki, ke nan hunturun Maradi ne za ki ishe cikin ɗakinki, ƙura ce kawai babu. Ga ruwan famfon Burusel mai yawan farar ƙasa ne, za ki ga farin dabbare cikin butar shayi, sabulu ba ya ɗaurayewa sosai da shi, fata ta riƙa ɗaurewa tana ƙaiƙayi bayan wanka.

Wankan ma shi ne babban abin gyara. Mu nan mun saba sau biyu sau ukku, da soso mai kaushi da sabulun salo a dirje har fata ta yi ƙara. Can in kin yi haka sati biyu za ki fara susa har jini. Sau ɗaya ya isa, ruwa mai ɗumi ba mai tururi ba duk da na san daɗinsa, minti biyar zuwa goma, sabulu marar ƙarfi kuma inda ke buƙata kawai. In kin hito kar ki goge jiki ƙarau, ki ɗan daddanna tawul, fatar na da sauran laima ki shafa mai nan take. Nan mutane ke kuskure, man kaɗe da basilin ba su ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki suke yi kar ya tsere. In kin laɓta su kan busasshiyar fata sai ki yi ƙyalli a banza ƙasa na nan a bushe. Ki fara da kirim mai gilisarin, shi ke jawo ruwa ya riƙe, sannan ki bi da man kaɗe a ƙauri da gwiwa da gwiwar hannu. Don haka na Inna ki tahi da shi, can ma ana sayar da shi shagunan ƴan Afirka na unguwar Matonge amma da tsada, sai dai ki zuba cikin roba mai murfi ki naɗe da leda ki sa jakar da za a auna, ta hannu ba su barin abin shafawa da ya wuce mililita 100. Fuska kuwa in mai maiƙo ce kar ki sa mata mai nauyi, nan ƙawarki ta yi gaskiya, kirim marar nauyi ya wadatar.

Faso, ki nemi kirim mai sinadarin yuriya, kashi 10 cikin 100 ya isa na kullum, da dare ki shafa ki bi da basilin ki sa safa ki kwanta. In wurin ya riga ya tsage yana jini basilin kaɗai tukuna, yuriya zafi take yi kan rauni. Leɓe kuma ki daina lasa, miyau na bushewa ya tahi da ɗan ruwan da ya rage.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Na ɗaya bitamin D, rana ce ke sa fata ta haɗa shi, kuma daga watan 10 zuwa watan 3 ranar can ba ta da ƙarfin wannan aiki, balle ga mai baƙar fata da ke rufe jiki. In ya yi ƙaranci a jiki, kasala da ciwon ƙashi da na jijiya sai ki ɗauka aljanun Turai ne. Da kin yi rajistar inshorar lahiya ki ga likita ya duba jini ya rubuta miki adadin da za ki sha, kar ki auna da ka. Na biyu, ba ina cewa kina yi ba, amma ina faɗa don masu karatu, mai shafa man bilicin ta san fatarta ta riga ta yi siriri, musamman masu maganin kortikoyid a ciki, sanyi na taɓa ta sai tsagewa da jajayen tabo. Hidrokinon, wani sinadarin bilicin, shi ma an hana sa shi cikin kayan kwalliya a Turai tun 2001. Kuma ba a yanke mai kortikoyid rana ɗaya fuska ta yi bore, likita ke rage shi sannu sannu.

Zancen kai kuma, kar ki ɗaura gyale kan jiƙaƙƙen gashi ki hita, kuma ulu na cinye gashin goshi, ki sa ƴar hular satin a ƙasa.

Ɗan Tibiri a Liyej ya amsa:

Barkanku. Ni namiji ne ban san zancen abaya ba, amma shekarata ta ukku ke nan ina karatu Liyej, awa guda ce a jirgin ƙasa daga Burusel, ruwan ma kusan iri ɗaya. Akwai abin da iyayenmu mata ba su taɓo ba, alwala. Watan 12 rana sai wajen 8 da minti 40 take hitowa, kafin ƙarfe 5 ta faɗi, wuni duka awa 8. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke faɗowa kina makaranta, ga wankin hannu ga ruwan sanyi ga iska in kin hita, bayan hannuna shekarar farko tsagewa ya yi kamar ƙasar fadama watan 4, in na dunƙule hannu jini ke tsattsafowa. Yanzu ƙaramin kirim na cikin aljihun manto kullum, ina gama alwala in tsane hannu sosai har tsakanin yatsu in shafa. Ƙafa ma haka, kar ki maida safa kan jiƙaƙƙen sawu, tsakanin yatsu ke ruɓewa. Ni huffi na fata na saya ina shafa a kai in na sa shi da alwala, malaman Malikiyya sun yi bayanin sharuɗɗansa, ki tambayi malaminku tun kina gida ki taho da naki, dukawa na iya ɗinka miki.

Sai wani abu da ya same ni wanda ban taɓa jin sunansa ba, yatsun ƙafa su kumbura su yi ja suna ƙaiƙayi da raɗaɗi, Faransawa na ce masa anjelir. Na jawo wa kaina ne, in na dawo ƙafa ta daskare sai in manna ta jikin ƙarfen shofaj ko in tsoma ruwan zafi. Ashe ba a so a ɗumama ta farat ɗaya, a canza safa busasshiya a bari ta dawo a hankali. Takalmin da ya jiƙe shi ma kar ki ɗora kan shofaj fatar ta ƙandare, ki cusa masa tsohuwar jarida ya kwana.

Inda zan ɗan saɓa da Maman Ihsan, da girmamawa Hajiya, ulu ba abokin gaba ba ne. A waje ne bai dace ba ranar ruwa, amma safa da tiriko na ulu ko sun ɗan jiƙe suna riƙe ɗumi, abin da auduga ba ta yi. Safar ulu ƙafa ukku ta fi min ta auduga goma.

Na ƙarshe kuma don Allah ki riƙe shi da kyau tunda na san ƴan Maradi da turaren wuta. Kar ki kuskura ki hura gawayi cikin ɗaki. Ɗakunan nan a toshe suke ruf ba kamar namu masu shan iska ta ko'ina ba, gawayi na fidda wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci, alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, duk hunturu sai an yi ta gargaɗi a kanta. In kin ji haka ki buɗe taga ki hita ki kira 112, lambar agajin gaggawa. Ga kuma na'urar hayaƙi a rufi da za ta tara miki maƙwabta. Ki sayi kasko na lantarki. Tagar ma ko ana sanyi ki buɗe ta minti 10 safe da yamma, in ba haka ba danshin numfashi da na shanya zai sa bango ya yi baƙin hunhuna, tufafinki su ɗauki wani wari da humra ba ta kashe shi.

Daɗin abin guda, daga Lahadin ƙarshe ta watan 10 agogonmu da na Nijar ke zama ɗaya har ƙarshen watan 3, kiran gida ba lissahi.

Ƴar Bagalam ta sake rubutawa:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci, wallahi har na kwafe cikin littahi. Na karanta wa Inna zancen kilishi ta yi shiru can ta ce to Turawan mi suke ci, ƙarshe dai ta yarda za a cinye shi nan kafin in tashi, ƙannena sai murna suke. Kaka kuwa har yanzu ba ta yarda an hana man shanu ba, ta ce hassada ce. Alhaji na Babbar Kasuwa gobe bayan la'asar zan leƙo da ƴar butar ruwa, kar ka ce ban gaya maka ba. Anti bilicin ban taɓa ba alhamdu lillahi, amma dilka da halawa fa, in ci gaba ko in bari? Kuma Maman Ihsan lalle na kamawa can kuwa? Don an ce min sanyi na hana shi ja.

Maman Ihsan ta amsa:

Yana kamawa mana, ɗumi yake so kawai, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ki bar shi ya tsima kusa da shofaj, in kin ƙunsa ki naɗe da leda ki zauna cikin bargo. Sai dai ki sani wata shidda ƙafarki na cikin safa, ba mai ganinsa sai ke da madubi, ni dai ina yi don raina ya yi daɗi. Ki taho da garin lallenki daga gida, na kwalin da ake sayarwa nan musamman baƙin nan wasu na da sinadarin rini mai ƙona fata. Dilka kafin Anti ta zo ta ba ki ta likita, ni a ganina ki yi ta sosai satin tahiya wajen mai gyaran jiki, in kin iso ki rage, sau ɗaya a wata ya isa kuma banda dirza da ƙarfi, ki bi da mai nan take.

Ki turo min ranar saukarki ta saƙon sirri. In babu mai tarbarki baban Ihsan zai kawo ni filin jirgi da manto na aro, ki sa shi har ki sayi naki. Kuma cikin kilo 23 ɗin nan da kilishi ya bari, ki ce ma Inna ta sako min daddawa da busasshiyar yakuwa, tawa ta ƙare tun azumi.